Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnatin Jihar Kerala Kan Matan Finafinan Malayalam

Zuwa ga Mai Girma Babban Ministan Jihar Kerala da Mai Girma Ministan Al'adu,
Thiruvananthapuram, Indiya.
Oktoba 2025

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da jama'ar da Allah ya ɗora muku nauyinsu, ina neman izini in gabatar da kaina. Ni Bahaushiya ce, malamar makaranta a birnin Kano da ke arewacin Najeriya. Na ɗauki alƙalami ne da yawun wasu mata 'yan'uwana, mu kusan arba'in, da muke da zaure guda a WhatsApp inda ba ma hirar komai sai fim. A cikinmu akwai ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa da matan aure da ba su cika fita ba, daga Kano da Kaduna da Jos har Damagaram. Da finafinan Indiya muka tashi kamar yadda iyayenmu suka tashi da su, sai dai a 'yan shekarun nan hankalinmu ya karkata ga na harshen Malayalam, harshen jiharku ta Kerala, domin a cikinsu ne muke ganin mace da fuskar da muka sani: ta gaji, ta yi gumi, tana lissafin kuɗin cefane. Da Hausa na rubuto saboda da ita muke tattauna aikinku, kuma na san ba za a rasa mai fassara muku ba.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada. Amsata ita ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ban da haka, na zauna a birnin Kochi da ke jiharku wata huɗu a 2019 ina jinyar mahaifiyata, matan garinku suka riƙe ni kamar ƙanwarsu, don haka ina jin ina da bakin magana ko da kaɗan ne.

Abin da ya tunzura mu shi ne labarin da ya fito a watan Yunin bana, cewa an rufe ƙararraki fiye da talatin da 'yan sanda suka buɗe bisa bayanan da mata suka bai wa Kwamitin Hema, wanda kuka naɗa don ya binciki halin da mata ke ciki a masana'antar fim, a kan cewa matan ba su fito sun ci gaba da magana ba. Sai kuma taron tsara manufar harkar fim da kuka yi a Thiruvananthapuram a watan Agusta, wanda muka bi labarinsa da zumuɗi, muna jiran mu ji ranar da za a kai doka majalisa. Yau rahoton wannan kwamiti ya kusa shekara shida a hannunku.

Kafin in jero koke-kokenmu, ku yi haƙuri in tuna muku abin da kuka fi ni sani, domin a wurinmu daga nan maganar ta samo tushe.

Fim ɗinku na farko, Vigathakumaran, wanda J.C. Daniel ya fara ɗauka a 1928, rabinsa wasan mace ne. Sunanta P.K. Rosy, 'yar talakawa daga jama'ar Pulaya, cikin waɗanda tsarin asali na wancan zamani ya ajiye a ƙasan kowa. Ta fito a matsayin Sarojini, 'yar gidan Nair masu martaba. Ranar da aka haska fim ɗin a gidan sinima na Capitol, masu ganin kansu 'ya'yan dangi ba su yarda ta zauna ta kalli fuskarta tare da su ba. Da suka ga jarumin ya sumbaci furen da ke gashinta, sai suka hau jifa har suka lalata majigin. Daga baya aka cinna wa bukkarta wuta. Ta tsere cikin motar kaya zuwa ƙasar Tamil, ta auri direban, ta ƙarasa rayuwarta da sunan Rajammal, ba ta sake tsayawa gaban kyamara ba. Ko kwafi ɗaya na fim ɗin bai tsira ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. A 1954 aka yi Neelakuyil, inda Miss Kumari ta fito a matsayin Neeli, yarinya 'yar ƙasan tsari da wani malamin makaranta ɗan manyan gida ya yi wa ciki ya juya mata baya. Fim ɗin ya ci lambar yabo ta ƙasa, aka yi ta jinjina wa Kerala kan ƙarfin halin faɗar gaskiya. A daidai wannan lokaci Rosy tana raye a maƙwabciyar jiha, tana ɓoye asalinta, babu wanda ya neme ta. An yi wa wahalar mace irinta kuka a cikin sinima, ita kuwa mai wahalar an manta da ita. Mu a ganinmu wannan hali bai bar masana'antar ba har yau, kuma shi ne ya sa muka rubuto.

Ba wanda zai ƙirga abin da mata suka ba wannan sana'a. Sheela ta zama Karuthamma a Chemmeen na 1965, fim na farko daga kudancin Indiya da ya ci lambar zinare ta Shugaban Ƙasa, ta kuma fito tare da Prem Nazir a finafinai fiye da ɗari. Sharada ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa ta ƙasa da Thulabharam na 1968, ta sake ci da Swayamvaram na 1972. Monisha ta ci wannan kyauta da Nakhakshathangal tana yarinya ƙarama, kafin hatsarin mota ya ɗauke ta a 1992. Shobana ta ci da Manichitrathazhu na 1993. K.P.A.C. Lalitha ta yi finafinai sama da ɗari biyar, kuma a Mathilukal na 1990 muryarta kaɗai ake ji daga bayan katangar kurkuku, ba a nuna ta ko sau ɗaya, amma wanda ya kalla zai rantse ya ga Narayani, matar da take wa murya, da idonsa. Kaviyoor Ponnamma kuwa ba ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba aka sa ta fito a matsayin uwar jarumi Sathyan, mutumin da ya girme ta da fiye da shekara talatin, ta dawwama a matsayin uwa har ta koma ga Mahaliccinta a bara. Namiji yana jarumta har furfura, mace ana yi mata tsufan dole tun da ƙuruciyarta. Duk da haka, babbar lambar girmamawa ta jiharku a harkar fim, wadda aka sa wa sunan J.C. Daniel tun 1992, zuwa Oktoba 2025 mata biyu kacal ta taɓa zuwa hannunsu: Aranmula Ponnamma da Sheela.

Kokenmu na farko jan ƙafa ne. Ranar 17 ga Fabrairu 2017 aka sace wata fitacciyar 'yar wasa a hanyarta ta zuwa Kochi, aka ci zarafinta a cikin mota tana tafiya. Ta yi abin da mata da yawa ba sa iyawa, ta kai ƙara. 'Yan'uwanta mata suka kafa ƙungiyar matan fim mai suna WCC, suka same ku a watan Mayu, ku kuma a watan Yuli kuka naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a K. Hema, tare da Sharada da tsohuwar jami'ar gwamnati K.B. Valsala Kumari. Wannan abin yabo ne, kuma muna yaba muku, domin babu jihar da ta riga ku. Kwamitin ya miƙa rahotonsa ranar 31 ga Disamba 2019. Daga nan shiru. Sai da Hukumar Samar da Bayanai ta jiha ta ba da umarni kafin jama'a su ga rahoton ranar 19 ga Agusta 2024, shi ma an cire wasu shafuka. Sakaya sunayen shaidu daidai ne, ba mu da ja a kai. Amma shekara huɗu da wata bakwai ba su da alaƙa da sakaya suna, har Babbar Kotun Kerala da kanta ta tambaye ku me kuka yi a tsawon wannan lokaci. A cikin waɗannan shekaru 'yan mata sababbi sun shigo sana'ar, sun tarar da mutanen da aka ba da labarinsu suna nan daram a kujerunsu. Matan da suka yi magana kuwa, waɗanda ake zargin sun yi, aikinsu ya yi ta raguwa.

Na biyu, makewayi. Na san ba magana ce da ake so a kawo gaban manya ba, amma ita ce na gani da idona, kuma gani ya kori ji.

Gidan da na kama haya a Kochi yana bakin wani titi da ke kallon ruwa. Mai gidan dattijuwa ce, ta koya mini in riƙa ce mata Chechi, wato Yaya. Wata rana masu ɗaukar fim suka sauka a titin, suka yi kwana uku. An ajiye wata babbar mota mai na'urar sanyaya ɗaki a ƙarƙashin bishiya, ta jarumin ce, da mai gadi a bakin ƙofa. Can gefe aka kafa tamfol, mata wajen ashirin sanye da sari masu kyau suna zaune a kujerun roba tun safe, su ne masu cika taro a bayan jarumi. Wajen azahar ɗaya daga cikinsu, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ta zo bakin ƙofarmu tana murƙushe gefen sarinta a hannu, ta yi wa Chechi magana ƙasa-ƙasa. Chechi ta nuna mata banɗaki. Kafin minti goma sai ga wasu biyar sun yi layi a tsakar gida, kowacce kanta a sunkuye. Na ɗebo ruwan sanyi a jug na miƙa wa ta farkon, ga leɓɓanta sun bushe, sai ta girgiza kai ta dafa mararta. Chechi ta bayyana mini da ɗan Turancinta cewa ba sa shan ruwa in suna aiki, domin ba su san inda za su zaga ba. A zafin Kochi, ranku ya daɗe.

Shekara biyar bayan haka na karanta wannan magana a rahoton Hema. Mata na ƙin shan ruwa a wurin aiki, wasu na kamuwa da ciwon mafitsara har a kwantar da su asibiti, ana canza kaya a bayan zanen da wata ta riƙe, mai al'ada kuwa ba ta da inda za ta gyara jikinta na tsawon sa'o'i. Masana'antar da ke kashe miliyoyin rufi, kuɗin Indiya, a kan fage ɗaya na faɗa ba ta gaza kuɗin banɗaki ba. Ba a ɗauke shi da muhimmanci ba ne, domin masu yanke shawarar ba su taɓa riƙe fitsari tun asuba ba.

Na uku, rashin takarda da haramcin da ba a rubuta ba. Rahoton ya nuna da yawan ma'aikata, musamman ƙananan 'yan wasa da masu gyaran gashi da mataimaka, suna aiki babu yarjejeniya a rubuce. Ba ta san nawa za a biya ta ba, ba ta san yaushe ba, ba ta san ko za a buƙaci ta tuɓe wani sashe na jikinta ba sai ta isa wurin, lokacin da fita ke nufin asarar komai. Ya ambaci kalmomi biyu na Turanci da ake raɗa wa sabuwar shiga, ma'anarsu ta daidaita, ta yi sassauci, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Ya ambaci bugun ƙofar ɗakin otal da tsakar dare. Ya kawo labarin wata da aka sa ta rungumi mutumin da ya ci zarafinta a matsayin mijinta na fim, jikinta ya ƙi, sai da aka maimaita ɗaukar sau 17, darakta yana ta faɗa. Ya kuma yi maganar wasu maza ƙalilan, tsakanin goma zuwa goma sha biyar, da ke iya rufe wa mutum ƙofar aiki ba tare da sun sa hannu a ko'ina ba. Wannan ne ya fi haɗari, domin babu takardar da za a kai kotu. Waya ce kawai take daina ƙara. Mun ga abin da ya sami Parvathy Thiruvothu a ƙarshen 2017 don kawai ta soki yadda aka wulaƙanta mace a wani fim: zagi da barazana ba iyaka a intanet, alhali a shekarar ce ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin finafinai na Goa.

Daga nan ne koke na huɗu ya fito, wato rufe ƙararrakin nan. Mun fahimci cewa ɗan sanda ba zai iya gurfanar da mutum babu mai ƙara ba. Mun kuma fahimci cewa matan sun yi wa kwamitin magana ne bisa alƙawarin sirri, don a gyara sana'ar, wasunsu ba su taɓa niyyar shiga kotu ba, kuma wannan haƙƙinsu ne. Amma a ce sun ƙi ba da haɗin kai a tsaya nan, an ɗora wa mai rauni laifin rauninta. Wace ce za ta fito bayan ta ga shekarun da shari'ar 2017 ta ci, ta ga yadda ƙungiyar 'yan wasa ta AMMA ta yanke shawarar mayar da wanda ake tuhuma cikinta a 2018, har mata huɗu suka ajiye katinsu suka fice? Kun karɓi sirrin waɗannan mata, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan hanyar kotu ta toshe, gyaran da suka yi maganar dominsa yana nan a wuyanku.

Ba mu rufe ido ga abin da ya canza ba. A watan Maris 2022 Babbar Kotu ta wajabta kafa kwamitin sauraron koke a kowane kamfanin da ke ɗaukar fim, bisa dokar 2013 ta hana cin zarafin mata a wurin aiki. Shugabannin AMMA sun sauka gaba ɗaya a watan Agusta 2024, kuma a Agustan bana Shwetha Menon ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar, Kukku Parameswaran ta zama babbar sakatariya. Fim ɗin Lokah, wanda Kalyani Priyadarshan ce jarumarsa, a 2025 ya zarce duk wani fim ɗin Malayalam a kawo kuɗi, ya rufe bakin masu cewa mace ba ta cika sinima. Mun yi murna sosai. Sai dai kwamitin da mai fim ya naɗa daga cikin ma'aikatansa, waɗanda su ma a hannunsa suke cin abinci, da wuya ya iya tuhumar jarumin da aka zuba kuɗin saboda shi. Rahoton Hema kansa ya faɗi haka. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ga abin da muke roƙo.

Ku kai dokar da kwamitin ya ba da shawara gaban majalisa, tare da kotu ta musamman mai zaman kanta ƙarƙashin alƙali, in da hali mace, wadda za ta saurari koke a asirce, kuma tana da ikon hukunta duk wanda ya hana mutum aiki don ya yi ƙorafi. Ku faɗa wa jama'a ranar da za a yi hakan.

Ku ɗaure izinin ɗaukar fim a wuraren gwamnati, da tallafin jiha, da shiga gasar kyaututtukan jiha, da sharuɗɗa huɗu: banɗaki da ɗakin canza kaya na mata a kowane wurin aiki, yarjejeniya a rubuce ga kowa har mai cika taro na yini ɗaya, bayani tun farko kan duk fagen da ya shafi tsiraici ko kusantar jiki, da kwamitin koke mai mamba daga waje. A riƙa aika masu dubawa ba tare da sanarwa ba. Wannan ba ya buƙatar jiran majalisa, yana hannunku yau.

Kada ku rage tallafin da hukumar bunƙasa fim ta jiha, KSFDC, ke bai wa mata daraktoci. Da wannan kuɗi, rufi miliyan 15 ga kowane fim, aka yi Nishiddho na Tara Ramanujan da Divorce na Mini I.G. da B 32 Muthal 44 Vare na Shruthi Sharanyam da Nila na Indu Lakshmi. Mun ji abin da ɗaya daga cikin manyan daraktocinku, dattijon da muke girmama aikinsa, ya faɗa a taron Agusta, cewa a rage kuɗin kuma a fara horar da masu karɓa, mun kuma ji yadda wata mawaƙiya ta miƙe daga cikin taro ta mayar masa da martani. Horo abu ne mai kyau ga kowa, amma idan mata da 'yan ƙasan tsari kaɗai za a gindaya wa shi, to tsohon shingen ne aka sake kafawa. Tun Vijaya Nirmala ta ba da umarnin fim ɗin Kavitha a 1973, sai a gasar finafinan 2016 mace ta fara cin kyautar gwanin darakta ta jiha, wato Vidhu Vincent da Manhole. Wannan tazara kaɗai ta isa hujja. Ku ba waɗannan finafinai lokaci mai kyau a gidajen sinima na gwamnati, ku kuma sauƙaƙa wa mutanen waje kallonsu a manhajarku ta C Space da fassarar rubutu, domin mu ma muna so mu biya ta halal mu kalla.

Ku sa wa wata babbar kyauta ta jiha sunan P.K. Rosy. 'Yan WCC sun kafa ƙungiyar kallon fim da sunanta a 2019, kamfanin Google ya tuna da ita a shafinsa ranar 10 ga Fabrairu 2023, ya dace jihar da aka kore ta daga cikinta ta ɗaga sunanta a kowace shekara a gaban jama'a.

Ku kuma tura masu ɗaukar tarihi su zauna da dattawan matan da suka rage, a naɗi labarinsu da bakinsu. Sukumari ta tafi a 2013, Lalitha a 2022, Kaviyoor Ponnamma a 2024. Kada a tsaya kan taurari. A nemi masu aron murya irin su Bhagyalakshmi, da Durga wadda ta yi muryar Nagavalli a Manichitrathazhu amma sai bayan fiye da shekara ashirin aka tabbatar wa duniya cewa ita ce. Mu da muka saba kallon fim da muryar wani a bakin wani, mun san rabin wasan a maƙogwaro yake. A nemi masu ɗinki da masu kitso da masu rawa a bayan jaruma, a rubuta sunayensu.

Daren da muka kalli The Great Indian Kitchen, ni da ƙannena biyu a kan waya ɗaya, babu wadda ta ce uffan lokacin da Nimisha Sajayan ke durƙusawa tana janyo bokitin ruwan datti daga ƙarƙashin wurin wanke-wanken da ke yoyo, kullum ana ce mata za a kira mai gyara. Ƙaramar cikinmu, wadda ba ta daɗe da aure ba, ta tashi ta fita tsakar gida ta jima ba ta dawo ba. Washegari zaurenmu ya cika da saƙonni har dare. Mutanenku ne suka yi wannan fim, kuma saboda irinsa ne muke sa ran za ku saurare mu. Idan an fitar da daftarin dokar, akwai lauya a cikinmu da ta yi alƙawarin karanta mana shi sashe-sashe ta fassara, kuma za mu sake rubuto muku da abin da muka gani a ciki.

Allah ya taya ku riƙo.

Taku cikin girmamawa,
Wata malamar makaranta daga Kano, a madadin 'yan'uwanta masu kallo.